Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Finafinan Barkwanci: Ina Rabon Mata A Cikin Dariyar Nan?

Zuwa ga shugabannin MOPPAN, ƙungiyar masu shirya finafinai, da furodusoshi da daraktoci da marubutan finafinan barkwanci na Hausa, na Kano da Kaduna da Jos, da namu na nan Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina roƙon Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinku, maza da mata, ya sa sun huta.

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar 'yan mata da ke cikin garin Sakkwato, kuma 'yar kallonku ce tun zamanin kaset. Wani abu ne ya faru a ajina a zangon karatun da ya wuce, ya tsaya mini a rai, na ga babu inda ya dace in kai kukana sai wurinku.

Muna darasin wasan kwaikwayo ne. Na kasa yaran gida huɗu, na ce kowane rukuni ya ƙago ɗan gajeren wasa mai ban dariya a kan zaman gida. Ban ba su labari ba, na bar kowa da basirarsa. Da aka zo nunawa, rukuni uku abu ɗaya suka yi kamar sun haɗa baki. Yarinyar da ta fito a matar gida ta ci ɗamara da gyale, ta riƙe ƙugu, ta tsaya bakin ƙofa tana huci tana jiran maigida. Wadda ta fito a mijin ita ce mai dabara, ita ce mai baki, duk maganar da ta sa aji ya kwashe da dariya daga bakinta ta fito. Matar kuwa ba ta da aiki sai ihu da cin kwala da "yau sai ka ba ni takardata". Rukuni na huɗu suka kawo amarya 'yar ƙauye wadda ta ga firij ta durƙusa ta gaishe shi. Na tambaye su inda suka samo wannan, suka ce, "Malama, ai haka ake yi a fim."

Yarinyar da aka ba matsayin 'yar ƙauyen daga wani gari take ta wajen Wurno, kuma Sakkwatancinta bai gauraya da komai ba. Saboda bakinta aka zaɓe ta. Bayan an tashi ta biyo ni har bakin ofis, ta tsaya tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Malama, ni kam ban son a riƙa sa ni wanga wasa. Ko mi nic ce, dariya su kai." Yarinya ce mai ƙoƙari, tana cikin na gaba-gaba a aji. Tun daga ranar na lura ta rage ɗaga hannu.

Yaran nan ba su taɓa riƙe kaset ba. Amma tsofaffin finafinanku ba su mutu ba, sun sake rayuwa a cikin waya. An yanka su gunduwa-gunduwa ana turawa ta WhatsApp da TikTok, ana ɗora su a YouTube, masu tura finafinai a bakin kasuwa suna cika wa mutane memori da su. Abin da kuka ɗauka cikin kwana uku shekara ashirin da suka wuce, shi ne yau yake koya wa 'ya'yanmu yadda mace take.

Kada ku ɗauka maƙiyiya ce ke magana. Na tashi a gidan yawa, kuma ba zan manta daren da ake kawo sabon kaset daga shagon haya ba. Bayan sallar isha'i a fito da talabijin tsakar gida a ɗora kan turmi da aka kifa, a shimfiɗa tabarmi, matan maƙwabta su shigo da goyonsu. In an ɗauke wuta a yi ta salati ana jiran a dawo da ita. Innarmu, Allah ya jiƙanta, in marigayi Rabilu Musa Ibro ya ɓata fuska kafin ma ya buɗe baki, dariya take har ta share hawaye da bakin zane. Mata ne da ke cikin kulle, wasunsu sai su yi wata ba su leƙa ƙofar gida ba, kuma kun shigar musu da walwala har ɗaka. Wannan alheri ne, ba zan taɓa raina shi ba. Ranar da labarin rasuwar Ibro ya iso a Disambar 2014, gidanmu ya yi tsit kamar ɗan'uwa aka rasa.

Sai dai ku dubi su wane ne a kan tabarmin nan. Mata da yara ne. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa a kan matan gida ta tsaya. Su ke aiken yaro ya karɓo haya, daga kuɗin adashe da na ƙuli-ƙuli da na kitso. Kaset ɗin da ya baro kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ya iso Sakkwato, ya bi ta Illela ya tsallaka Ƙonni, a ɗakin mace yake kwana. To me matar nan take gani game da kanta in ta zura ido?

Tana ganin mafaɗaciya mai tarar miji da taɓarya. Tana ganin kishiyoyi biyu suna dambe a kan tsoka ɗaya. Akwai uwar miji mai bin bokaye, akwai bazawara mai wawashe aljihun manema, akwai tsohuwa mai kai gulma gida-gida, sai kuma budurwar da ba ta da magana ko ɗaya, an ajiye ta ne kawai domin jarumi da abokinsa su yi rigima a kanta. A cikin duk waɗannan, da wuya ka ga wadda ita ce ta shirya dabarar, ita ce ta faɗi maganar da ta kashe bakin kowa, ita ce 'yan kallo ke goyon baya. Namiji ke ba da dariya, mace kuma da ita ake yin dariyar. Ko sunayen finafinan sun nuna haka: Ibro Awilo, Ibro Usama, da sauransu da yawa, sunan namiji ne a gaba domin shi ne jarin. Ku tsayar da mutum goma a Kasuwar Shehu Shagari ku tambaye su ainihin sunan Ibro, za su faɗa muku har da garinsu. Ku tambaye su sunan abokiyar fitowarsa Tsigai na yanka, ku ga nawa za su amsa.

Kuma fa ba basira ce matan suka rasa ba. Duk wanda ya kalli marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, ya san wannan baiwar Allah ta iya juya ido ɗaya ta kwantar da ɗaki da dariya. Amma har ta koma ga Mahaliccinta a ƙarshen azumin 2024, abin da aka fi saninta da shi shi ne muguwar mace, har wasu masu kallo suka ɗauka halinta ke nan. Marigayiya Hauwa Ali Dodo, wadda haɗarin mota ya ɗauke a farkon 2010, laƙabin da ya bi ta har kabari shi ne Biba Problem. Sai Hajiya Ladin Cima, Tambaya, wadda ta fara tun zamanin wasannin talabijin. A 2022 ta gaya wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake sallamarta da shi a fim. Na san wasu daga cikinku sun fito sun ce sun biya ta fiye da haka, kuma ban zo raba gardama ba. Abin da ya taɓa ni shi ne, mace ta shafe shekaru masu yawa tana faranta wa Arewa rai, amma a tsufanta maganar muhalli take yi da hawaye.

Na yi ta tunanin yadda aka yi abin ya zama haka, domin ban yarda mugunta ce ta sa ba. Finafinan da kuke kira camama, da kuɗi kaɗan ake yin su, cikin 'yan kwanaki, sau da yawa ba tare da rubutaccen labari ba. Darakta ya faɗi yadda fitowar za ta kasance, 'yan wasa su cika sauran da bakinsu. A irin wannan aiki, wanda sunansa ke kan kwali shi ke da fili, sauran kuwa 'yan amshi ne. Ɗan kasuwa kuma ba ya sayen fim sai ya ga fuskar da ya san za ta dawo masa da kuɗinsa, don haka abin da ya yi kasuwa jiya shi za a maimaita gobe. Ga kuma al'adar da ta zaunu a masana'antar, cewa da zarar 'yar wasa ta yi aure ta bar fitowa. Barkwanci kuwa sana'a ce mai son daɗewa. Namiji zai shekara ashirin yana goge salonsa har jama'a su haddace tafiyarsa, mace kuma tana fara nuna kanta sai ta ɓace, a kawo sabuwa a fara daga farko. A bayan kyamara ma haka: mai labari namiji, darakta namiji, mai tacewa namiji. Idan babu mace a wurin da ake yanke shawara, wa zai ce, "Tsaya, matar gida ba haka take magana ba"?

Sanin dalili bai wanke sakamakon ba. Kuma ba mata kaɗai abin ya shafa ba, shi ya sa na fara da labarin ɗalibata.

A tsofaffin finafinan nan, duk wanda Hausarsa ta saɓa da ta Kano, abin dariya ne tun kafin ya gama sallama. Bafulatani da sandarsa bai san kan gari ba. Bagwari ba ya gane magana. Ɗan ƙabilar Ibo ba shi da zance sai kuɗi. Buzu maigadi ne har abada. Mu Sakkwatawa da Zamfarawa kuma, da an ji "mi" da "tahi" da "wanga", an san baƙauye ya iso. Ban taɓa jin daɗin wannan ba. Harshen da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace suka yi waƙa da shi har duniya ta sallama musu, shi ne aka mayar alamar rashin wayewa. Sai kuma abin da ya fi ciwo, wato kurma da makaho da gurgu da wada da mai i'ina, waɗanda ake sakawa domin halittarsu kawai ta ba da dariya. A kowace unguwa akwai uwar da ke renon irin wannan yaro, kuma ita ma tana kan tabarmar nan tana kallo.

Za ku ce ai wasa tsakanin ƙabilu gadonmu ne. Gaskiya ne, kuma mu nan mun fi kowa saninsa. Bagobiri da Bayarabe in sun haɗu a tasha sai an raba su da dariya. Haka Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe. Amma taubasantaka tana da ƙa'ida: ka jefa, a jefo maka, a tashi kowa ya sha, babu wanda ya tafi da ciwo. A fim kuwa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kyamara, ɗayan ba a ba shi bakin ramawa. Ku tuna da marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Banufe ne, tsohon soja ne, kuma Hausar barikin da ya yi wasa da ita tasa ce, a cikinta ya rayu. Shi ya sa sojoji ma suke kallo suna dariya, ba su ji an ci musu fuska ba. Ɗan gida in ya yi wasa da gidansu daban yake da baƙon da ya leƙo ta taga ya tafi yana kwaikwayo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dukiyar da kuka bari a ƙasa ba ku ɗauka ba. Wanda duk ya taɓa zama cikin mata a gidan biki ya san inda barkwancin Hausa yake da zama. Ina da wata gwaggo a Gidan Igwai, in ta zauna tsakar gida ranar suna tana gyaran shinkafa, ba a jin muryar kowa sai tata. Za ta kwaikwayi yadda maigidanta ke lissafin kuɗin cefane da safe, ya ƙirga ya sake ƙirgawa ya mayar da ɗaya aljihu. Za ta kwaikwayi ma'aikaciyar asibiti, da mai tallan atamfa bashi, da ɗan acaɓan da ya ɓata da ita a Mabera yana rantsuwa ya san hanya. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, hannunta bai bar faifai ba, amma sai kin ga manyan mata suna riƙe ciki suna roƙonta ta yi shiru. Irinta suna nan a kowane gida. Wa ke yi wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, yana sauya murya yana tsamin baki? Kaka ce. Wa ya ƙware a habaici da zambo cikin waƙar daka da ta niƙa? Wasan kaka da jika, wasan matar wa da ƙanen miji, tashen 'yan mata a watan azumi, kiɗan ƙwarya, duk fagen mata ne. Marigayiya Barmani Coge ta shekara da shekaru tana sa mata dariya da tunani a lokaci guda, tana zuga su su kama sana'a, kuma ba ta jira wani namiji ya rubuta mata baiti ba. Duk wannan yana bayan katangar gidajenku, a bakin iyayenku da matanku da yayyenku, amma da aka zo fim sai aka miƙa wa mace taɓarya.

Na san akwai masu cewa ba da dariya a bainar jama'a bai dace da kunyar 'ya mace ba. Ina girmama wannan damuwa, ni ma uwa ce, kuma ba rawa ko tsiraici nake nema ba. Amma ku duba da kyau: macen tana cikin fim ɗin tun farko. Tana kokawa a ƙasa, ɗankwali ya faɗi, tana zage-zage. Wanne ya fi kusa da mutunci, wannan, ko mace a zaune cikin suturarta tana warware matsala da hikima da zaƙin baki? Mu a garin nan muna da abin tunawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta iya Larabci da Fulatanci, amma ta yi waƙoƙi da Hausa domin matan karkara su fahimta. Ta naɗa jajjai, wato mata jagororin karatu, ta ɗora musu malfa, suna zuwa da ɗalibansu mata, 'yan taru, daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar. Matar ƙauyen da 'yar Shehu ta ga ta cancanci a rubuta mata ilimi, jikanyarta ce ake nunawa tana gaida firij.

Ban manta ba cewa abubuwa sun ɗan motsa. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 aka koma ga shirye-shirye masu dogon zango da rubutaccen labari, mata sun samu fitowa mai nauyi fiye da da, kuma yanzu akwai mata furodusoshi da marubuta. A waya ma ga 'yan mata nan suna shirya gajerun barkwanci da kansu, jama'a na bi. Wannan ya isa ya nuna cewa masu kallo ba su ƙi ba. Amma a fagen barkwanci tsantsa, tsohon ƙwarangwal ɗin yana nan, an dai sauya masa riga.

Ga roƙona. Ban ce a ƙone tsofaffin finafinai ko a hana kallonsu ba, tarihinmu ne, kuma akwai gwaninta a ciki da ba za a sake samu ba. Ina roƙon ku tattara su tun kafin zafi da ƙura su gama cinye kaset ɗin, har da wasannin gidajen talabijin irin su Idon Matambayi na NTA Sakkwato da iyayenmu ke ba mu labari, a mayar da su kan kwamfuta. A wajen wannan aiki a bi sunan kowace mace da ta fito, a rubuta shi cikakke, a nemi waɗanda ke raye a ɗauki hirarsu. Muna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, muna da masana Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku ƙwanƙwasa musu ƙofa. Kuma duk wanda ke samun kuɗi a YouTube da fuskar tsohuwar 'yar wasa, ƙungiyarku ta tsaya ta ga an kai mata haƙƙinta tun tana da rai, in ta rasu a kai wa magadanta.

A sababbin ayyuka kuma, ku sa mace a ɗakin da ake ƙulla labari, a saurare ta, a biya ta. Marubuta mata ba su yi ƙaranci ba, su ne suka riƙe adabin kasuwar Kano tun zamanin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, kuma yau sun cika intanet. Ku gwada fim ɗaya tak wanda mace ce mai dabarar, sunanta ne a gaba, ita ake jira ta yi magana. In za ku saka Basakkwace ko Bafulatani ko Bagwari, ku nemo ɗan gida ya yi, ku bar shi ya yi nasara wani lokaci, ya zama shi ne likitan ko alƙalin, da bakinsa na gado. Masu lalura kuma a bar yin dariya da halittarsu.

Ku 'yan'uwana masu shirya fim a nan Sakkwato, da ku nake musamman. Ba sai kun kwaikwayi bakin Kano kafin a kalle ku ba, kuma ba sai kun sayar da namu bakin a matsayin abin dariya ba.

Ɗalibar nan tawa, daga baya na ba ta aikin rubuta wasan da za a nuna ranar bikin yaye ɗalibai. Ta rubuta labarin wata mai sayar da fura da ta kai ƙarar wani mai cin bashi gaban hakimi, ta kare kanta da bakinta har ya biya. Da Sakkwatanci ta rubuta shi tun daga farko har ƙarshe, ita kuma ta fito a mai furar. Iyaye sun yi dariya har wasu suka miƙe tsaye. Rubutun yana nan a wurina cikin littafinta mai layi, shafi tara. In akwai wanda yake so ya gani a cikinku, zan nemi izininta da na mahaifinta in aiko masa.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar Hausa,
Sakkwato.